Faifan da Ke Tsayawa a Bakin Inna

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa Mai kashewa, wanda ba Ya shawara da kowa wajen zaɓen wanda zai riga wani tafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Gaisuwar aminci ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa.

Bayan haka, a ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan mahaifiyarmu, wanda unguwa ta sani da Mai Faifai saboda sana'arsa ta juye kaset a faifan bidiyo, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Mu bayin Allah ne, kuma babu wanda zai yi saura.

Auta, mutane da yawa sun zo mini gaisuwa, kowa da labarinsa. Wani ya ce ka ceto masa hoton mahaifinsa daga kaset ɗin da danshi ya ci. Wata dattijuwa ta ce faifan jikokinta ya ƙi fitowa a na'urar gidanta, ka bi ta har gida ka duba, ka gane cewa wanda ya ɗora hoton bai yi matakin ƙarshe na rufe faifan a kwamfuta ba, shi ya sa kwamfutarsa kaɗai ke karanta shi. Ina sauraronsu ina cewa amin, amma zuciyata tana faɗa mini wani abu dabam: ga shi ko a mace ka fi ni shiga rai.

Malamai sun rarrabe tsakanin hassada, wadda ke fatan ni'ima ta gushe daga mai ita, da kishin da ke fatan samun irinta kawai. Allah Ya sani ban taɓa fatan ka rasa komai ba. Amma na yi kishinka tun kana goye, kuma har yau da nake rubutun nan bai sake ni ba. Ni ne na yi tafiyar neman ilimi, ni ake kira idan za a yi addu'a a gidanmu, amma kai ne Inna ke yi wa dariya har ta riƙe ciki. Idan na shiga ɗakinta sai ta gyara mayafi ta zauna daidai. Idan kai ka shiga sai ta miƙe ƙafa ta ce ka matsa mata.

A shekarunta na ƙarshe ka riƙa ɗaukarta da kyamara tana hira. Bayan rasuwarta ka juye kaset ɗin a kwamfuta, ka ɗora a faifai, ka ba kowa nasa, kowa da hirarsa dabam. Na kalli nawa ni kaɗai. Inna tana zaune a bakin gadonta, carbinta a cinya, tana ba ka labarin ƙuruciyarka, tana kiran sunanka kamar ba ta haifi kowa ba sai kai. Can kusa da ƙarshe na ji muryarka daga bayan kyamara kana cewa, "To Inna, Yaya Malam fa?" Ta ɗaga kai, ta buɗe baki, sai hoton ya tsaya cak. Na mayar baya, ya sake tsayawa a nan. Na goge faifan da gefen rawanina, bai canja ba.

Na same ka a shagonka, a cikin ƙamshin nan na roba mai ɗumi, tsofaffin na'urorin kallo jere a kan katako. Al'adarka ce ba ka sallamar faifai sai ka kalle shi daga farko har ƙarshe a kan mafi tsufarsu, domin kana cewa wanda ya wuce a nan zai wuce a ko'ina. Na ce maka, "Kowa ka tace masa aikinsa, sai ni ɗan'uwanka ka ba ni gurgu."

Ka yi dariya ka ce, "Yaya, naka kaɗai na kasa kallo har ƙarshe, kuka ne ya hana ni. Kawo mu gani."

Ka ce wataƙila ka gaggauta ɗorawar, ka sake wani a hankali. Ya tsaya. Ka ce wataƙila irin faifan ne na'urata ba ta so, ka canja wani iri. Ya tsaya. Ka ce an matse hira mai tsawo a faifai ɗaya, ƙarshenta ya faɗa a baki-baki inda yatsa ke taɓawa, ka raba ta biyu. A wannan karon muryar Inna ta riƙa rigan leɓenta, kuma da aka zo wurin, sai duk biyun suka ɗauke. Ranar ce ka ce matsalar ba a faifai take ba, tun wurin juyewa aka samu tangarɗa, dole a koma ga kaset na asali, ga shi na'urar da ke karanta irinsa ta mutu, sai an nemo mata kayan gyara tukuna.

Na ce, "Ai kana wurin. Faɗa mini abin da ta ce mu huta."

Ka ce, "Daga bakinta za ka ji. Idan ni na faɗa, za ka ce na ƙara gishiri, ko na rage."

Na fita ban yi maka sallama mai kyau ba, ina cewa a raina: ya samu hirarta duka, kuma 'yar kalmar da ta rage tawa ma yana riƙe da ita.

Bayan mun dawo daga binne ka, 'yarka ta fari ta kai ni shagon ta buɗe. Ta ce kana jin jiki ka lallaɓa ka gama aikin, ka hana a ba ni sai ka gwada shi da kanka, ciwo bai bar ka ba. Faifan yana nan cikin tsohuwar na'urar. Muka kunna. Na ji tambayarka, na ga Inna ta ɗaga kai, sai hoton ya wuce wurin bai tsaya ba.

Ta ce, "Yayanka ai ba ya zama. Ya gaishe ni kamar baƙo, ya yi mini doguwar addu'a, ya tashi. Hirarka nake so a ɗakina, Auta, amma ranar da aka kwantar da ni a kabari, addu'arsa nake jira. Kai taka gajera ce." Sai na ji dariyarka ta girgiza kyamarar.

To, na ji, kuma daga bakinta. Ta raba mana, ta ba ka ɗakin, ta ba ni bakin kabari. Ba zan ɓoye ba, da an ba ni zaɓi da rabonka na ɗauka. Ga shi yanzu an kwantar da kai kusa da ita, ka sake riga ni zuwa wurinta kamar yadda ka saba, an bar ni a tsaye a waje da hannuwa a sama. Zan riƙe rabona, kuma ba zan gajarta ba, ku biyu ne yanzu.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da harshensa lokacin tambaya, Ka sada shi da mahaifiyarmu cikin rahamarKa, Ka bar mini wuri kusa da su. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da maƙwabtan shagonsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Kai kuma mai karatu, Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan magabatanka, kuma idan mahaifiyarka tana raye, Allah Ya ba ka ikon zama a ɗakinta bayan ka gama addu'a. Amin.