Inda Kaka Ta Shimfiɗa Tabarma

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar igiyar rama, sai na tuna ɗakinmu na haya a Fagge.

Lokacin kuɗin mai ne, kowa yana sayen kaya, amma ɗaki bai ƙara faɗi ba. Gadon ƙarfe mai rumfa ya cinye rabinsa. Jeren Inna, kwanoni da fantekoki da kumbuna, ya cinye bango guda tun daga ƙasa. Mu yara muna kwance a ɗan abin da ya rage. Da damina, in tsakar gida ta cika da ruwan kwata, nan muke wuni, gwiwa na gugar gwiwa, kwanon rufi yana ta ƙara a kanmu.

A haka Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauye neman maganin ƙafa. Asibiti suka ce sai ta riƙa zuwa a kai a kai. Baba ya dubi ɗakin, ya ce in ba a rage jere ba, sai dai Kaka ta koma gida. Inna ta ƙi. Kada ka ga laifin Inna. A zamanin, matar da ta sauke jerenta, maƙwabta cewa za su yi an sayar don yunwa. Ta ci gaba da goge murfin kumbo. Ni kuwa ina ta auna ƙasa da ido, ko in na ƙara naɗe ƙafata za a samu wuri.

Kaka ta ɗaga kai ta dubi rufi.

"Ku 'yan birni ƙasa kawai kuka sani? Ga fili a sama yana zaman banza."

Ta sa aka sayo rama, ta jiƙa, ta murza a cinya, ta saƙa ragaya irin wadda ake rataye ƙwaryar nono, amma hawa-hawa. Sai dai katakon rufin siriri ne. Baba ya kira wani mai walda daga Sabon Gari, Inyamuri mai yawan dariya, ya gitta ƙarfe daga bango zuwa bango. Ya daɗe yana jujjuya saƙar.

"Mama, wannan dabara zan sata fa."

"Saci mana, ɗan nema. Ai ba ka iya ƙullin ba."

Jere ya koma sama, baƙi suna gani, mutuncin Inna bai taɓu ba. Kaka ta shimfiɗa tabarmarta a gindin bango, ni a gefenta. Ban taɓa sakin jiki ba. Kullum da safe sai na hau gado na taɓa ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kada fanteka ta faɗo mata a ka.

Ba a jima ba muka ga irin ragayar a kasuwar Sabon Gari, da zoben ƙarfe da igiyar roba, ma'aikatan jirgin ƙasa suna saye saboda ɗakunansu.

Kaka ba ta koma ƙauye ba. A kan tabarmar nan Allah ya karɓi abarsa. Kafin sadakar arba'in Baba ya sayo firiji, aka jingina shi a wurin.

Yanzu 'ya'yana suna zaune a benaye. Gadonsu naɗewa yake, teburinsu a bango yake maƙale, komai yana da maratayi. Suna nuna mini da murna, ina yabawa. Amma idona ƙasa yake bi, ina neman inda tsohuwa za ta miƙe ƙafa in ta zo. Yawanci ba na samu.