Malam Abdulmutallib da Takardar da Ba Shi Ya Rubuta Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 15 ga Oktoba, 2024, ina cikin aji a Funtua aka kira ni a waya aka ce Malam Abdulmutallib Mudi, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koyar da Turanci a Malumfashi, ya rasu bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan azahar. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ba baƙin ciki na fara ji ba. Tambaya ce ta zo mani: me ya sa ni aka kira, alhali kowa ya san shekara goma sha ɗaya ban gaishe shi ba?

Malam, ni ce Najiba, 'yar marigayi Alhaji Sanda na Gozaki, ɗalibarka. Ka san halina. Ko yabona aka yi, sai na tsaya na duba abin da mutum yake nema.

Na tuna yadda kake tsayar da mu mu karanta abin da muka rubuta da ƙarfi, kai kuma kana riƙe da jan biro. Inda waƙafi ya kamata ya zauna, ka ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya. Inda aya take, sau biyu. Kakan ce idan mun jero masara da dawa da auduga a jimlar Turanci, mu raba su da waƙafi kamar yadda ake ware buhuna a kasuwa. Kakan kuma ce cikakkun jimloli biyu ba a ɗaure su da waƙafi, don ba shi da ƙarfin riƙe su. Takardata ta neman shiga kwalejin horar da malamai sau huɗu ka sa na sake kwafe ta. Na koma gida ina cewa ka tsane ni. Sai daga baya na ji kai ka hau babur ka kai ta da hannunka, don kada ranar rufewa ta wuce ni.

Da ka yi ritaya, zaurenka ya zama makaranta. Duk Asabar masu neman aiki da shugabannin ƙungiyoyin manoma suna layi da takardunsu, kana gyara masu, ko goro ba ka karɓa. Har wannan sai da na zarga. Na ce mutumin da ke karanta sirrin gari duka a kyauta, akwai abin da yake tarawa.

A daminar 2013 aka aika takardar ƙorafi ba suna a kan mahaifina, lokacin yana shugaban ƙungiyar manoman yankinmu. Shafi uku ce da Turanci, an buga ta da na'ura, tana cewa yana fifita abokansa wajen rabon taki. Kwamiti ya zo, aka sauke shi. Kwafin takardar ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kuma duk wanda ya iya karatu magana ɗaya yake yi: kowane waƙafi yana mazauninsa, kowace aya ta faɗi daidai, a ƙasar nan mutum ɗaya ne ke rubutu haka. Ni ce na fi kowa ɗaga murya.

Na kawo maka ita har zaure. Ka karanta a hankali, biro yana taɓa tebur. Ka kai layi na uku ka dakata, sannan ka ƙarasa.

Na ce, "Malam, kai ne?"

Ka ce, "Ba ni na rubuta ba, Najiba."

"To wa ya rubuta?"

"Abin da zan ce ke nan."

Wannan dakatawa ta layi na uku ita na riƙe a matsayin hujja. Baba ya daina amsa sallamarka. Layin Asabar ya ragu, don ba mai son kai sirrinsa wurin wanda ake ce wa marubucin ƙorafi. Ba ka taɓa kare kanka ba, ni kuwa na ce mai gaskiya ba ya shiru haka. Da Baba ya rasu a 2020 aka ce an gan ka a sahun ƙarshe, na ce kallo ka zo.

Ranar sadakar ukun rasuwarka na je gidanka, don kada a ce ban je ba. Yayana Mannir ya kira ni gefe, gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ashe shi ya sa aka buga mani waya.

Ya ce, "Najiba, ni na rubuta takardar nan. Na yi wa Baba magana sau uku bai saurare ni ba. Malam bai taɓa ganinta ba sai da kika kai masa."

Ban yarda ba. Na ce ko tausayin mamaci ne ya sa yake son wanke shi. Na ce ya faɗo mani farkonta. Ya fara karantowa da ka, kalma bayan kalma, kuma bai ma san yatsansa yana taɓa gwiwarsa ba, sau ɗaya, sau ɗaya, sannan sau biyu. Nan na gane ƙwanƙwasarka ce, Malam, na yarda.

Ya ce mako ɗaya bayan na kawo maka takardar ka aika ya zo, ka ce masa, "Na gane hannunka tun layi na uku. Ba ni zan raba uba da ɗansa ba. Ka je ka faɗa masa da bakinka." Bai iya ba, har Baba ya bar duniya. Mannir ne ya ce in rubuta wannan, in sa sunansa.

Ko abin da ke cikin takardar gaskiya ne, wannan yana tsakanin Baba da Ubangijinsa, Allah Ya gafarta masa. Namu kuskuren a fili yake. Mun manta cewa mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana koyarwa ba shi kaɗai ya iya abin da yake koyarwa ba. Gidanmu kaɗai mu biyu ka koyar. Na zargi kowa a kan kowane abu, amma ban taɓa waiwayawa cikin gida ba. Ina jin kunya, Malam, kuma ina kewarka, ga shi na makara.

Jama'ar Malumfashi da Gozaki da Funtua, ku shaida: Malam Abdulmutallib bai rubuta takardar nan ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Rabi'atu, da 'ya'yansa Zubair da Amatullah da sauran iyali, ina kuma roƙonku gafarar da ban roƙa wurinsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah, bawanka ya rufa asirin gidanmu shekara goma sha ɗaya da nasa sunan. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.