Fuskar Mai Katifa a Rufin Aji Biyu

Kawuna mai fenti ne, ƙanin mahaifiyarmu, kuma duk unguwa Kawu Buroshi ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shagonsa wani ɗan ɗaki ne a bayan makarantar firamare, cike da gwangwanaye da tsummokara, ga tsani a bakin ƙofa da kowa ke tuntuɓe da shi. Masifaffe ne na gaske. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ce muryarka ta yi sama.

Abincinsa a katangar makarantar nan yake. Duk shekara sai wani kamfani ya tuna yana son yara. Su zo da motoci da mai hoto, su ba da kyauta, a kira Kawu ya rubuta sunansu a katangar da ke kallon babban titi. Masu sabulu suka sa ya yi mata kore, masu biskit suka sa ya shafe ya yi ja. Katangar ta sha fenti har ta yi ƙiba. Kyautar kuwa, kai! An taɓa kawo kwamfutoci, makarantar da ko wuta babu. Har yau suna ofis cikin kwalayensu, shugabar makaranta na ɗora kofin shayi a kai.

A can baya, daidai saitin shagon Kawu, akwai aji biyu, wanda iska ta yaye wa rabin rufi. A ciki jikarsa take, wata 'yar firit da muke ce wa Fitila. Ƙirjinta ba ya son sanyi. Daminar bara ruwa ya dake ta a aji, ta kwanta asibiti, uwarta ta rantse in damina ta sake faɗuwa babu rufi, to ita da makaranta sun yi sallama. Kawu kuwa duk faɗansa, a kan yarinyar nan ba shi da ƙarfi.

Shugaba ta nemi gyara daga sama, aka ce babu kuɗi. Wannan magana ita ke ƙona wa Kawu rai, don mai karɓar haraji bai taɓa ɓatan hanyar shagonsa ba.

"Ni da gwangwani da buroshi ka riƙe min wuya," in ji Kawu. "Masu benayen nan fa?"

"Kawu, ai su suna ba da kyauta, sai a rage musu," in ji mai karɓar harajin.

"To jiya na raba wa yara alewa. Rage min."

"An ɗauki hoto?"

Sai da maƙwabta suka riƙe Kawu.

Da aka ji kamfanin katifa ne zai zo bana, Kawu ya je ya sami Shugaba. Ya ce, "Malama, mutanen nan ba mugaye ba ne, wuyansu ne ba ya juyawa. Abin da ke gaban ƙofa kaɗai suke gani. Mu juya musu makarantar." Shugaba ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yarda. Aka sa wa ƙofar gaba kwaɗo aka ce ta lalace, aka buɗe wata a baya, ta yadda kana shiga sai ka yi kiciɓis da aji biyu.

Manajan kamfanin ya zo duba wuri, wani matashi mai ƙamshin turare. Yana ganin ajin ya dafe kai. "Subhanallahi! A nan mai gida zai tsaya a ɗauke shi hoto? A'a, wannan sai an yi wani abu." Bayan 'yan kwanaki sai ga mota shaƙe da ƙarafa da faffaɗan kwano. Kawu ya sa sabuwar hula, ya saya wa duk layin lemo.

Allon talla suka kafa. Wallahi allon talla, ƙato, a gaban ajin, ya rufe shi ruf har ba ka ganin ko taga. Kwanon da aka zuba a cikinsa ya isa rufin har ya yi saura. Don ƙarin wulaƙanci, Kawu aka ba aikin zana fuskar mai kamfanin a jiki, yana murmushi, a ƙasa a rubuta MUNA TARE DA YARA. Ya zana yana zage-zage, amma ya zana da kyau, don ba ya iya aikin banza ko yana so.

Aka yi biki, aka tafa, aka watse. Hadari ya fara haɗowa. Ran Asabar da safe Kawu ya ɗauki tsani, ya ja kafintan layinmu, suka kwance allon nan suka rufe ajin da shi. Fuskar ta kalli ƙasa, don Kawu ya ce aikinsa ba zai sha ruwa ba. Ran Litinin yara suka ɗaga kai suka ga ƙaton mutum yana yi musu murmushi daga sama, ƙananan har da kuka. Wuri ɗaya kawai ke yoyo, wani ramin ƙusa daidai hancin mai kamfani, aka ajiye masa bokiti.

Manaja ya zo a fusace, zai kira 'yan sanda. Yana cikin hayaniya ruwa ya kece, ya faɗa ajin don ya fake. Ya dubi sama, ya dubi yara a bushe suna karatu. Sai ya ciro waya ya shiga ɗaukar hoto. Wata bai ƙare ba muka gani a jarida: kamfanin katifa ya yi wa aji rufi. Aka ba mai gida lambar yabo, aka ƙara rage masa haraji. Ni dai ranar abinci bai shiga cikina ba don takaici.

Sai ga mai karɓar haraji a ƙofar Kawu, yana sosa ƙeya. Wai duk wanda ya kafa allon talla sai ya biya kuɗinsa, kamfani kuma ya ce ba shi ya ɗora shi a can ba.

"Allon da ke kallon ƙasa?" in ji Kawu.

"Ai yara na gani, Kawu. Talla ce."

Na matso don in riƙe shi, na san yau sai an zubar da fenti. Amma Kawu bai ko dube mu ba. Ana yayyafi, idonsa na kan tagar aji biyu, inda Fitila ke zaune da fensir a baki, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ya sa hannu a aljihu ya biya.

"Rubuta rasit ɗin da kyau, yaro," ya ce. "Tun da nake biya, wannan ne karo na farko da na san inda ya tafi."

Sannan ya daka min tsawa in ɗauko masa tsani, zai je ya toshe wa mai gida hanci.