Takalman da Aka Ce a Ƙona

Shekara talatin da ɗaya ina auren mutumin nan, amma ban gama saninsa ba sai ranar da kajin ƙanwata suka fara zubewa.

Maigidana mai bincike ne a kan ƙwayoyin cutar dabbobi. A dangi kuwa Likitan Kaji ake ce masa, ana ƙunshe dariya. Ni ma na sha yi masa tsiya. Mutum ya yi karatu har furfura, ya ƙare a leƙen majinar zakara! Baƙi na zuwa ofishinsu daga nesa, ɗalibai na kawo kundaye suna cewa da rubutunsa suka kafa hujja. Ni dai abin da na sani shi ne ƙofar gidana ba ta rabuwa da bahon ruwan magani. Ko mahaifina ne ya zo, sai ya tsoma takalmi kafin ya shiga. A kan haka ya yi suna: shi ya nuna cewa cutar da ke ƙarar da kaji a takalmi da tayar mota take yawo daga gona zuwa gona. Ƙa'idar da hukuma ke bi ma yana cikin waɗanda suka rubuta ta. In cutar ta shiga keji, sai a kashe na ciki duka a binne.

Wata Talata ya dawo daga wata gona da cutar ta yi wa kaca-kaca. Injin ƙona kaya na wurin aikinsu ya lalace, sai ya zo da baƙar leda a ɗaure, ya ajiye bayan gareji. Ya ce, "Wannan ta ƙonawa ce, kada kowa ya taɓa." Na ji shi sarai. Amma yana shiga wanka na kwance ledar. Takalman roba ne dogaye, sababbi fil. Raina ya ƙi. Na ɗauraye su, na ɓoye, na ce masa na riga na ƙona masa. Washegari na kai wa Auta, ƙanwata, wadda tun rasuwar mijinta kaji ɗari huɗu ne ke riƙe da ita da 'ya'yanta. Daman da silifa take shiga keji.

Kwana biyar sai ga wayar Auta, tana kuka. Muka tafi tare. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya kaɗa ni haka ba. Kaji a zube ko'ina, wasu wuya a murɗe suna juyi wuri ɗaya, wasu baki a buɗe suna neman numfashi. 

Ya ciro ɗan littafinsa. "Auta, wa ya shigo makon nan? Kin sayo sababbin tsaki? Motar abinci ta zo?" Duk ta ce a'a. Ya zagaya bayan keji. Na bi shi, na tarar ya ƙura wa takalman ido, da ɗigon jan fentin da yake sa wa kayan aikinsa.

"Yaya ce ta kawo mini," in ji Auta. "Allah Ya saka mata da alheri."

Bai ko dube ni ba. Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Saura nawa ke tsaye?" ya tambaye ta.

"Fiye da rabi. Dubi, suna ma ci! Don Allah, Yaya Likita, in ba ka faɗa ba wa zai sani? Da me zan ciyar da yaran nan?"

Ya ce, "Maƙwabcinki na da kaji. Na bayansa ma haka."

Da kansa ya kira ma'aikatan hukuma. Kafin la'asar sun haƙa rami, kejin ya zama wayam. Auta ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗora hannu a ka. Aka miƙo masa takardar rahoto. Ina tsaye a bayansa ya zo gurbin da ake rubuta inda cutar ta fito. Sunansa ya rubuta, ya ƙara da cewa sakacinsa ne. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana koya wa duniya wanke takalmi! Na buɗe baki, ya girgiza mini kai.

Yau wata takwas ke nan Auta ba ta gaishe shi. In ta zo gidana, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ke dai Yaya, alheri kika yi niyya." Kullum ina cewa yau zan faɗa mata gaskiya, kullum ta tafi ban faɗa ba.