Akuyar da ta Cinye Maɓallan Ɗiyata

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ƙanen maigidana ya zo mana Damagaram daga Zermu da akuya guda, ita kaɗai ta rage masa. Akuya ce marar kunya. Ta ci tabarma, ta ci igiyar shanya, har takalmin liman ta ɗanɗana ranar da ya zo gaisuwa.

Ɗiyata ta fari kuwa aiki take da wani furoje na taimakon mutanen karkara, a gida, kan ordinatar, wato kwamfuta. Ita ke rubuta abin da ke aika wa mutanen karkara saƙo a salula: rijiya kaza da sauran ruwa, an kawo dusa wuri kaza. Ni karatun lakwal ban yi nisa ba, amma kunne Allah ya ba ni. Daga bakin murhu nake bin aikinta. Kwas-kwas mai tsawo, rubutu ne. Ƙwal guda mai ƙarfi, ta tada abin ke nan, sai ka ji hamdala ko tsaki. Da aikin nan gidan ke ci, mu da baƙinmu. Ga shi an ce furoje zai rage ma'aikata, za a turo wani mushe, wato ɗan boko babban ma'aikaci, ya karɓa daga hannunta.

Ran nan ta tashi alwala ta bar ordinatar a ƙasa. Kafin ta dawo akuya ta ɓalle maɓallan sama tana tauna kamar gyaɗa, har da na ƙwal ɗin.

"Baba, akuyarka ta cinye mini aiki!"

Ƙanen maigidana ya ce, "To ɗiyata, ta ga kin wuni kina tono a wurin, ta ɗauka abinci kika binne."

Na ce masa, "Kai da ita halinku ɗaya, duk abin da aka ajiye ƙasa naku ne."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Inna, maɓalli ɗan aike ne. In ya mutu sai a ɗora wa wasu aiken." Ta buɗe allon da take rubutu a kai, ta yi ta haɗa maɓallan da suka tsira biyu-biyu, kowane haɗi da aikinsa. Don kada ta manta, ta raɗa musu sunaye da maganganuna. Na tada abin, "tashi ka ba ni wuri". Na adanawa, "rufe tukunya". Na neman kuskure, "wa ya yi ɓarnar nan". In ɗaya ya ɓace mata sai ta rubuta farkon sunan a gurbin nema, ya fito, ta danna. Ƙarar ma ta sake, ta koma kamar lugude.

Mushe ya zo cikin kwat, da wannan zafi. Ya zauna ya kai yatsa inda ya saba, yatsa ya faɗa rami. Ya danna wani haɗin da ya sani, rubutu ya naɗe kamar tabarma. Ya nema da Faransanci, ba abin da ya fito. Ina jin sa yana tsattsaga kamar kaza a kan faranti.

"Madmazel, me ake nema a tada shi?"

"Tashi ka ba ni wuri, mushe. Haka sunansa."

"Wa ya raɗa?"

"Ga ta can tana tuƙa tuwo."

Ɗiyata ba ta ɓoye masa komai ba, duk ta nuna masa. Amma yatsunsa sun riga sun yi gidansu, kowane dannawa sai ya koma ramin nan. Bayan la'asar ya cire kwat, ya ci tuwona har da ƙari, ya ce kafin hannunsa ya saba dabbobin mutane sun mutu da ƙishirwa, zai gaya wa manyansu na biro a bar aikin inda yake.

Daga baya suka aiko mata sabuwar ordinatar, maɓallanta cif. Ta kwashe haɗe-haɗenta ta zuba a ciki. Ƙanen maigidana ya so kai akuyar kasuwa, na hana. Dusar farko da aka kawo unguwarmu, ni na jiƙa mata da hannuna, ta gama ta cinye mini gefen zane.