Badaru Mai Wainar Dankali

Ranar da muka dawo daga Mina, bayan babbar sallar 1985, iskar Jidda ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓe garin. Riga tana manne wa mutum a baya, bango yana tsattsafo da ruwa, ko ashana ka ƙyasta sai ta yi gardama. A wannan ranar ce zaman Badaru ya ƙare a ɗakinmu. Amma bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Badaru mutumin wani ƙauye ne a bayan Kazaure. Ya zo aikin hajji, bai koma ba. Dako yake yi a wani sito na kayan sanyi kusa da tashar jiragen ruwa. Gajere ne kakkaura, ba ya faɗa, ba ya shan taba, jam'in asuba ba ya wuce shi. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Sharafiyya: ni, da shi, da Rafi'u mai wankin mota, da dattijonmu da muke kira Kawu. Kawu kaɗai ke da iƙama, wato takardar izinin zama, da sunansa aka kama ɗakin. Mu sauran a inuwarsa muke. Wanda ya rasa ɗakin nan sai kwanan titi, kuma masu kamen marasa takarda ba sa ɗaga wa ɗan titi ƙafa.

Aibin Badaru ɗaya ne, wainar dankali. Ba irin wainarmu ta shinkafa ba ce. Dankalin turawa ne da ake niƙawa a ƙasar waje, a matse shi faɗin tafin hannu, a daskarar da shi, a jera a kwali. Ya fara ɗanɗana ta ne ranar da wani kwali ya fashe a wajen aikinsu aka bar wa leburori. Tun daga nan kullum sai ya biya kanti ya sayo.

Ni dai na ci sau ɗaya, ban ƙara ba. Waje ƙamas, ciki kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Shi kuwa da safe ita, da dare ita. Man da yake suyar yana cikin wani gwangwanin madara, ba ya zubarwa sai dai ya ƙara sabo a kai, har ya koma baƙi kamar man inji. Yakan tsoma wainar cikin shayi mai madara, maiƙo ya taso yana yawo a saman kofin, ya ɗaga ya shanye. Yakan dangwala ta a miyar kuka. Wata rana kananzir ya ƙare a risho, na gan shi yana gaigayar ta da ƙanƙararta, yana lumshe ido. Ƙaurin man nan ya kama zannuwanmu, ya kama dardumar salla.

"Sarkin Batatis," in ji Rafi'u, don haka Larabawa ke kiran dankali, "kai ko a Aljanna aka miƙo maka 'ya'yan itace, cewa za ka yi ina firjin yake."

"Ɗan baƙin ciki," in ji Badaru da cikakken baki. "Zo ka ɗanɗana, ka daina mutuwa da yawu."

"Gara in lashi tayar mota."

Haka muka yi shekaru muna haƙuri, don mutum ne mai daɗin zama.

A sallar da nake faɗa, kafilin Kawu, wato uban gidan da ya tsaya masa a takardar zama, wani Balarabe mai suna Hamad, ya ba shi rago guda fiɗaɗɗe. Mu da ke ganin nama irin wannan daga shekara sai shekara. Muka daddatsa, muka cika firjin ɗaki taf. Da alhazai suka watse, ni da Kawu da Rafi'u muka sami aikin kwashe tantuna a Mina, muka tafi na 'yan kwanaki. Badaru ya zauna.

Bayan tafiyarmu aka yi rangwame a kantin da yake saye, ya kwaso kwalaye rungume. Ya zo ya tarar babu wuri a firji. Sai ya yi abin da ya ga ana yi a gidansu tun yana yaro: ya fito da naman, ya yanyana, ya barbaɗa gishiri, ya shanya a igiya. A Kazaure haka ake yi, nama ya bushe ƙayau. Bai kai shi saman bene ba don tsoron maguna da hankaki. A igiyar shanyar kayanmu ta cikin ɗaki ya rataye shi, ya rufe taga, ya tafi aiki. Aikin ya riƙe shi a sito, can yake kwana. Bai tuna cewa iskar bakin teku ko riga ba ta busarwa da daɗi ba.

Tun daga ƙasan bene muka ji ɗoyin. Maƙwabcinmu, wani mutumin Yaman, ya leƙo da hanci a toshe ya ce ko wani ne ya mutu a ɗakinku? Kawu ya buɗe ƙofa, ƙudaje suka taso mana a fuska. Naman ya yi kore, yana yauƙi, yana ɗiga. Tsutsa na faɗowa daga igiya a kan katifunmu, wasu sun shige cikin matashin Kawu. Rafi'u ya juya ya yi amai a kan matakala.

Muna cikin kwashewa Badaru ya shigo. Ya yi salati, ya kama kai. Bai yi musu ba, ya ɗauki buhu ya fi kowa aiki. Ni na ce a zuciyata kuskure ne, zai wuce. Kawu ma ya ci gaba da shara.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne da aka zare wayar firji don a wanke ƙasa. Badaru ya duba ya ga wainarsa ta fara saki. Sai ya tsuguna a tsakiyar warin nan, da ragowar tsutsa na motsi a gefen ƙafarsa, ya kunna risho, ya ɗora kasko. Ya soya, ya hura, ya kai baki.

Kawu ya ajiye tsintsiya. "Badaru, ci kake yi?"

"Za ta lalace ne, Kawu."

"Za ta lalace! Ragon kuma gyaruwa ya yi? Shi ke nan. Yau ko dai ka rantse abin nan ba zai sake shigowa ɗakina ba, ko ka bi shi waje."

Na ja Badaru gefe na ce, "Ɗan'uwa, ka rantse mana. Ba ka da takarda. Ina za ka?"

Ya juya wajen Kawu. Sannan ya ce, "Kawu, laifin nama na ɗauka, ka yafe mini. Amma in na rantse maka ƙarya na yi, na san kaina."

"To, yalla, kama hanya," in ji Kawu.

Ya naɗe tabarmarsa, ya rataya gwangwanin mai, ya ɗora kwalayen a ka. Muna tsaye ya sauka, ruwan ƙanƙara na bin wuyansa yana shiga riga.

Ya koma kwana a bayan siton da yake aiki. Na je na same shi, na ce Kawu ya huce, magana ɗaya kawai yake jira. Ya yi mini godiya, ya ce a gaida mutanen ɗaki. Damina ba ta ƙare a gida ba aka yi kame a wajen, aka haɗa da shi, aka sa su a jirgi.

Yanzu Badaru yana ƙauyensu, a gidan ɗan wansa. Wani alhaji da ya zo bara ya ce ya gan shi, ya tsufa, yana kiwon awaki, ƙafa ɗaya tana damunsa.