Ranar da Ruwa Ya Zo Ba Hadari

A wancan zamani in ka shiga garin Ruwan Godiya ka tambayi Malam Mani, sai a ce maka, "Wanne? Mai duban gabas?" To shi ne. Manomi ne kamar kowa, dawa da gero da 'yar auduga, amma Allah ya ba shi ido. Zai tsaya ƙofar gida ya ɗaga kai, ya shaƙi iska, ya ce, "Kada wanda ya tsallaka rafi yau, zai kawo kafin la'asar." Kuma ya kawo ɗin. Masu jakunan da ke cin kasuwar Mairuwa ba su kama hanya sai sun biyo ta wurinsa. A faɗi gaskiya, abin ya ɗan kumbura masa kai.

Shekarar da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, har naira ta zama abin tsoro a maƙwabta, ƙanensa Sha'ibu ya aiko da wasiƙa. Sha'ibu tsire yake yi a wani ɗan gari bakin teku a Kamaru. Ya ce a kawo mahaifiyarsu, Inna Hajaratu, likita ya duba sanyin ƙafar da ya hana ta tafiya. Mani ya ɗauko tsohuwa, mota bayan mota, kwana shida suna hanya.

Garin kuwa, kai ka ce ba wanda ke da gona. Masunta na zaune gindin kwakwa suna ɗinkin taru suna hamma, mata na ƙyafe kifi, Turawa kwance kan yashi kusan tsirara kamar an shanya rogo. Kowa hankalinsa kwance, ban da Mani. Tun da ya ɗora ido kan teku gabansa ke faɗuwa. Wane irin ruwa ne wannan, ba tsallake, ba ya shiru, sai gurnani yana tasowa yana komawa? Ko kusa bai yarda ya taka ba.

Likita ya ce su dawo Litinin. Kafin Litinin ɗin ƙafafun Inna suka tashi, tana ta cije baki. A gida in rani ya yi, cikin rafi suke kai ta su turbuɗe ƙafafun a yashi mai zafi, ta samu sauƙi. Da hantsi Mani ya leƙa bakin ruwa, sai ya ga abin mamaki: teku ya janye can nesa, ya bar fili fetal. Ya yi dariya, ta farko tun zuwansa. "Ashe kai ma kana jin rani!" Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sama tas.

Ya goyo Inna. Ta ce ita wallahi ba ta buɗe ƙafa gaban waɗannan marasa kunya, don haka ya wuce mutane, ya nausa da ita bayan wani baƙin dutse, inda rana ta gasa yashi. Ya haƙa rami da ƙoƙo, ya zaunar da ita, ya rufe har ƙugu, ya daddanne da kyau.

"Babba," ta ce, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "ruwan can hwa?"

"Inna, ko ɗigon girgije babu. Ruwa bai zuwa ba hadari. Ni na faɗa maki."

Wani dattijon masunci ya hango su, ya yi ta ɗaga murya da yarensu yana nuna teku. Mani ya kaɗa masa hannu. "Ba mu sayen kifi, Baba, mun gode!" Ya tafi ɗebo wa Inna ruwan sha.

A tukubar Sha'ibu azahar ta riske shi. Ya yi salla, ya ɗan taɓa tsire, har ya miƙe ƙafa. Sha'ibu na yanka albasa ya ce, "Yaya, Inna barci take?"

"Tana bayan baƙin dutsen can, na turbuɗe mata ƙafa inda ruwa ya ƙafe."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Sha'ibu. "Innalillahi! Yaya, ba ƙafewa ya yi ba! Kullum sau biyu yake tafiya ya dawo!"

"Ba hadari?"

"Ina ruwan teku da hadari!"

Mani bai san sadda ya zubar da butar ruwan Inna ba. Yana gudu yana salati. Filin nan da ya ratsa ɗazu babu shi. Ruwa ya kewaye dutsen. Mutumin da kwana uku ya ƙi ko taɓa teku da yatsa, ya faɗa ciki da rigarsa.

Ya iske Inna ruwa ya kai mata ƙirji, tana riƙe da carbi sama don kada ya jiƙe. Ya kama hammatarta ya ja, ko gezau. Yashin da ya daddanne da hannunsa ya sha ruwa ya riƙe ta gam. Ya durƙusa yana tono, duk abin da ya kwashe sai igiyar ruwa ta mayar. Wata ta zo ta rufe kan tsohuwa ɗungum, ta fito tana tari. Nan Mani ya ƙwalla ƙara irin wadda bai taɓa yi ba, don ya ga zai kashe uwarsa da hannunsa a ƙasar da ba wanda ya san ko sunan tsohuwar.

Allah ya kawo dattijon masuncin nan da mutum uku, ga Sha'ibu bayansu. Da filafilan tuƙa jirgi suka tona, suna jiran ruwa ya ja baya su girgiza ta, har yashi ya saki. Suka ɗauko ta suka shimfiɗe gindin kwakwa.

Mani na kuka wiwi, gemu duk yashi. "Inna, mi ya hana ki ihu? Ga mutane nan kusa!"

Ta daɗe tana mayar da numfashi. "Na ga ruwan tun yana nesa, Babba. Har ya taɓa ni. To amma kai ka ce bai zuwa. Sai na ce idona ne, tsufa."

Sun dawo gida lafiya, ƙafa ma ta yi dama. Da damina ta faɗi, wata safiya masu jakuna suka yi sallama ƙofar gidansa kamar kullum. "Malam, mu tsallaka?"

Ya ɗaga kai. Gabas tas take, ya kuma san rafi ba zai kawo ba, ya sani sarai. Ya buɗe baki, sai ya ji tarin Inna daga cikin gida. Mutum bakwai na tsaye suna jiran kalmarsa, kowa da igiyar jaki a hannu.

"Ban sani ba," in ji Malam Mani. "Ku je ku duba da idonku."